Tempe: Waken soyan da ke maye gurbin nama a tukunyar Indonesiya

A tsibirin Java na ƙasar Indonesiya, da wuya a sauke tukunyar shinkafa ba tare da tempe a gefenta ba. Abinci ne da ake yi da waken soya, kuma ya daɗe a wurin: an ambace shi a littafin Serat Centhini, wanda aka rubuta a farkon ƙarni na 19.

Bahaushe zai yi saurin kwatanta shi da awara, amma sun bambanta. Ita awara madarar waken ake tacewa a daskarar. Shi kuwa tempe, waken ake jiƙawa, a surfe, a dafa, sannan a barbaɗa masa wata irin fumfuna mai suna Rhizopus, a ƙunshe a ganyen ayaba ko leda mai huji. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu a wuri mai ɗumi, fararen zaruruwan fumfunar za su ɗinke waken ya zama curi guda da ake yankawa da wuƙa. Ta wannan fuskar ya fi kusa da daddawa, sai dai shi ba ɗanɗano ake nema da shi ba, shi ne abin cin. A kowane giram 100 akwai kimanin giram 19 na furotin.

Wanda ya fara cin sa a Landan ko New York ya ce bai yi masa ba, galibi ba a dafa shi daidai ba ne. Na kanti yakan zo da ɗan ɗaci, don haka ana turara shi na minti goma kafin komai. Daga nan a yanka siri-siri, a jiƙa a ruwan tafarnuwa da gishiri, a soya har ya yi ja. Jawawa kan sake juya soyayyen a cikin albasa da barkono da kecap manis, wani baƙin romon soya mai zaƙi, su kira shi orek. A tsakiyar Java kuma akwai bacem, inda ake dafa shi a hankali da sukarin kwakwa har ruwan ya tsotse. A ganina, miyar gyaɗa ma ta karɓe shi, domin ba ya narkewa a tukunya.

Ɗigon baƙi kaɗan a jikinsa ba illa ba ne, amma idan ya yi yauƙi ko wari mai hawa kai, a zubar.

Duk da matsayinsa na abincin talaka, yawancin waken da ake yin sa da shi daga waje Indonesiya ke sayo shi, musamman daga Amurka. Da farashi ya tashi a watan Fabrairun 2022, masu sana'ar sun shiga yajin aiki na kwana uku, tempe ya yi ƙaranci a kasuwannin Jakarta.