Alhaji Mamman Shata, Mawaƙin Kalangu

A ƙasashen Turai, idan mutum ya ƙware ga kiɗa, ya kan zauna da alƙalami ya rubuta muryoyin a takarda. Haka Caikobski na ƙasar Rasha ya yi, wanda ya rasu a 1893, har wa yau kuwa makaɗa su kan buɗe takardunsa su kaɗa abin da ya tsara. A ƙasar Hausa ba haka abin ya ke ba. Mawaƙi da kansa shi ne takardar, in ya tafi ya tafi da ita, sai abin da faifai ya kama.

An haifi Mamman Shata a Musawa ta ƙasar Katsina, yawanci a kan ce a 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, Bafillace ne. Uban bai so ɗansa ya yi waƙa ba ko kaɗan, domin a zamanin nan a kan ɗauki waƙa roƙo ce, roƙo kuwa sana'a ce ta gado, ba ta gidansu ba. Yaron ya fara da tallan goro, daga baya ya koma tallan alewa. Amma da dare ya yi sai dandali, yana waƙa, samari da 'yammata suna amshi. Tun yana yi don wasa har abin ya fi ƙarfin hani.

Sa'ad da ya bar gida ya zauna Bakori, wajen Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa mai aikin En'e. Daga nan ya riƙa yawo gari gari. A 1952 aka yi Bikin 'Ya'yan Sarki a Kano, mawaƙa suka taru, a nan sunansa ya fita sosai. Bayan wannan ya koma Funtuwa, inda ya yi mafi yawan zamansa.

Abin mamaki ga Shata shi ne ba ya shirya waƙa a gida. Makaɗa su ɗauki kalangu, 'yan amshi su kama ɗan gajeren amshi guda su yi ta maimaitawa, shi kuwa ya yi ta zuba magana bisa kiɗan, yadda ta zo masa a nan take. Saboda haka waƙa guda, in ya yi ta sau biyu, da wuya ta fito iri ɗaya. Ya wasa sarakuna da attajirai da direbobin mota, ya yi zambo ga wanda ya ɓata masa rai, ya yi waƙar noma, har kumbon da Amurkawa suka harba zuwa wata a 1969 bai bari ba. Bakandamiyarsa kuwa kirarin kansa ce. Waɗansu malamai sun yi ta sukarsa saboda waƙar giya, duk da haka gidan rediyon Kaduna bai fasa sa muryarsa ba.

Ya taɓa siyasa kuma. Bayan 1970, sa'ad da Musawa da Kusada su ke cikin ƙaramar hukumar Kankiya ta Jihar Kaduna, mutane suka zaɓe shi kansila. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta, shi da mahaifinsa ya ji kunyar sana'arsa.

Ya rasu a Kano ran 18 ga Yuni, 1999, aka kai shi Daura aka binne, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Shi kansa an sha tambayarsa yawan waƙoƙinsa, ya ce bai san iyakarsu ba. Waɗanda ya yi a dandalin Musawa da bukukuwan ƙauye kafin zuwan rikoda, babu inda za a same su.