Gwaji, Jarrabawa da Sunan Gwani

Akwai wani tela a unguwarmu wanda idan yaro ya yi shekara biyu ko uku a shagonsa, wata rana sai ya miƙa masa shadda ya ce, "Ungo, kaftani da wando, Alhaji zai aiko ranar Alhamis." Ba ya ƙara ko uffan. Ranar Laraba da la'asar zai ɗauki rigar ya juye cikinta waje, ya bi bakin ɗinki da ɗan yatsa, ya ja hammata da ƙarfi, ya haɗa kafaɗa da kafaɗa ya ga ko sun hau juna. In wuya ya karkace ko da kaurin tsinke ne, reza zai miƙa wa yaron ya farke. Na taɓa tambayarsa ko wannan ce jarrabawarsu. Ya ce, "A'a Malam, jarrabawa ta 'yan boko ce. Ni gwada shi nake yi."

Tun daga ranar kalmomin nan biyu suke mini yawo a ka.

Jarrabawa daga Larabci muka aro ta. A can, tushen da ta fito shi ne ya haifi tajriba, wato abin da mutum ya taɓa da kansa har ya san shi. Mu kuma mun fi saninta a bakin malamai da ma'anar abin da Allah kan ɗora wa bawa don a ga haƙurinsa. Da boko ya zo sai aka sa ta a aji, aka ba ta biro. Dubi kalmomin da take tafiya da su a yau: a zana ta, a rubuta ta, a ci ko a faɗi, a kama wani da satar amsa. Duk ƙamshin takarda suke yi. Ba wanda zai ce yaro ya zana walda.

Gwadawa kuwa tamu ce, kuma ta fi faɗi nesa ba kusa ba. Tela yana gwada mutum da tef, wato awo ke nan. Mai saye yana gwada takalmi ya ga ko ya yi masa. 'Yan kokawa suna gwada ƙwanji. A Sakkwato da Katsina da Maraɗi kuwa, idan baƙo ya ce "gwada mini hanya", nuna masa yake so a yi. Awo, da ɗanɗanawa, da nunawa duk a baki ɗaya. Wanda ya zauna ya tsara yadda za a auna mai aikin hannu, da wuya ya wuce waɗannan ukun: a sa masa ma'auni, a ba shi aikin gaske, shi kuma ya nuna a idon wanda ya san kan abin. Gani ya kori ji.

To, me ake aunawa? A rediyo da takardun hukuma kusan kullum "ƙwarewa" ake cewa, ko da horon na mako shida ne. Wannan yana damuna, domin Bahaushe ba ya arha da kalmar. Akwai ɗan koyo, sannan a ce ya fara iyawa, sannan ya iya. Sai ya daɗe aiki yana cin hannunsa kafin a ce ya goge, ya zama tsohon hannu. Ƙwararre yana gaba da nan. Abin da hukumomi suke iya tabbatarwa a yini ɗaya ko biyu iyawa ce: shin wannan yaron zai ja wayar wuta a ɗaki bisa ƙa'ida ba tare da ya jawo gobara ba? Babban abu ne, kuma ya isa a ba shi takarda. Amma kiransa ƙwararre zalunci ne gare shi, don kasuwa za ta nemi abin da sunan ya yi alkawari, ta rasa.

Can ƙololuwa kuma sai gwani. A tsangaya, yaro kan faro daga kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi, kuma mafi yawa ba sa kaiwa ga gwani, wanda a Borno ake ce wa goni. Sai wanda ya haddace Alƙur'ani, ya rubuta shi da ka, manyan alarammomi suka saurare shi suka gamsu. A gini ma haka. Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajajen shekarun 1830, Babban Gwani ake kiransa, kuma har yau akwai unguwa mai wannan suna a birnin. Abin lura shi ne ba mai naɗa kansa gwani. Mutane ne suke gani su faɗa, kuma sai waɗanda suka isa su faɗa.

Wannan ne ya kai ni ga "takardar shaida", sunan da muka ba satifiket. Suna ne mai nauyi, don shaida a wurinmu wanda ya gani da idonsa ne. Muna da takardu iri-iri. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana ba da ta gwajin sana'a, mataki na uku, na biyu, da na ɗaya. NABTEB, da aka kafa a 1992 mai hedikwata a birnin Benin, tana shirya wa ɗaliban kwalejojin fasaha tasu. A Nijar akwai takardar CAP da aka gada daga tsarin Faransa. Tambayata a kan kowacce ɗaya ce: wa ya gani, kuma me ya gani? Ɗan yayata ya gama wata makarantar koyon sana'a da sakamako mai kyau a kanikanci, alhali injin da ke ɗakin aikinsu bai taɓa tashi ba a gabansa. Ranar da ya je gareji neman aiki, maigidan ko kallon takardar bai yi ba. Ya nuna masa wata mota da ke tari ya ce, "Saurara, ka gaya mini me ke damunta." Yaron ya dawo gida idonsa ja wur, ya kwana biyu bai yi magana da kowa ba.

Shi ya sa tsarin matakan sana'a da hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977, take jagoranta ya burge ni ta fuska ɗaya. Mai tantancewa ne zai bi mutum wurin aikinsa ya tsaya a kansa, kuma wanda ya koyi sana'a a kasuwa irin Panteka ta Kaduna ba tare da ya shiga aji ba, ana iya duba abin da ya riga ya iya a ba shi mataki. Wannan gwaji ne, da sunan ya kamata a riƙa kiransa a Hausa. In muka ci gaba da ce masa jarrabawa, tsohon maƙerin da bai iya riƙe biro ba zai ji sunan ya ja da baya, alhali shi ne ya fi cancanta.

Telan nan na unguwarmu, da lokacin yaye wani yaronsa ya yi, bai rubuta komai ba. Ya tara teloli uku na layin, aka yi addu'a, aka raba goro, ya ba shi almakashi da tef. Sannan ya kama hannunsa ya kai shi wurin Alhajin da ya sa kaftanin, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan rigar ta jikinka shi ya ɗinka, ban taɓa ta ba. Na yarda da hannunsa."