Sassabin Zamani a Ɗan Saga

Ɗan Saga ƙauye ne a yankin Aguie na jihar Maraɗi, Jamhuriyar Nijar, da ya yi suna wajen rainon itatuwa ta hanyar sassabin zamani. Dabarar ta bazu daga Maraɗi tun 1983: maimakon manomi ya sassabe duk tohon kututture, sai ya bar masu ƙarfi su girma.

Kwamitin ƙauyen, wanda ya ƙunshi mata da makiyaya, shi ke tsaron itatuwan da cin tarar masu saran sata. Gawo na ƙara wa gona taki, kalgo da sabara na ba da itacen girki da na sayarwa. Baƙi kan je koyo. An ƙiyasta dabarar ta farfaɗo da hekta miliyan 5 a Nijar.