Shaihu Umar: Daga Alƙalamin Tafawa Ɓalewa Zuwa Majigin Adamu Halilu

A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai cikin Hausar boko. Littattafai biyar ne suka biyo bayan wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida tare da East, sai Shaihu Umar na wani matashin malamin makaranta daga Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa. An haife shi a 1912, ya gama Kwalejin Katsina a 1933, don haka bai wuce shekara 21 ba sa'ad da ya ɗauki alƙalami.

Takwarorinsa sun fi karkata ga raha da jarumtaka da abubuwan al'ajabi. Shi kuwa sai ya taɓo miki mai zafi, wato cinikin bayi. Labarin yana buɗewa ne a Rauta, kusa da Bauchi, inda almajirai suka tambayi malaminsu asalinsa, shi kuma ya warware musu. An haifi Umar a Kagara, ubansa ya rasu, uwarsa ta auri Makau, bafaden da hassadar 'yan uwansa fadawa ta sa aka kore shi daga gari bisa zargin ɓoye bayin da aka kamo a wajen hari. Aka sace yaron, ya bi hannu-hannu har ya faɗa wurin wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya ƙetare Sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Uwar ta bazama nemansa, ita ma aka kama ta aka sayar. Sun sadu a ƙarshe, amma wahala ta riga ta cinye ta, ba ta jima ba ta cika.

Ƙarfin littafin yana cikin natsuwarsa. Marubucin bai ɗaga murya ba, bai yi zagi ba. Ya bar mai karatu ya bi matar nan daga kasuwa zuwa kasuwa, daga hannun wannan ubangida zuwa na wancan, har ya gane da kansa abin da ake nufi da a sanya wa ɗan Adam farashi.

Mutumin Jakusko ta ƙasar Badawa ba ya bukatar a fassara masa wannan. A ƙaramar hukumarsa tsohon birnin Gogaram yake, wanda jagoran Badawa Lawan Babuje ya kewaye da ganuwa wajajen 1825, bayan da ya ga harajin bayin da Borno ta ɗora wa Badawa ya wuce kima. Ɗansa, Mai Alhaji, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1893, ya tsare garin daga hare-haren Haɗeja da na Borno, sai a zamanin Mai Duna ne rundunar Rabe ta ci shi. Abin da Tafawa Ɓalewa ya zuba a takarda, kakannin mutanen Jakusko da Gashua da Nguru sun gan shi ido da ido: uwa ta fita gona, ta dawo ba ɗa, gari ya kwana lafiya, ya wayi gari kango. Shi ya sa ɗalibin wannan yanki da ya karanta Shaihu Umar a ajin Hausa yake jin kamar tarihin gidansu ake ba shi.

Siyasa ta janye marubucin daga rubutun adabi. Ya zama Firayim Minista a 1957, ya karɓi 'yancin kan Nijeriya a 1960, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Littafin bai mutu tare da shi ba. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, mutumin Trinidad da ke aiki a Jami'ar Ahmadu Bello, suka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975.

A nan ne Adamu Halilu ya shigo. An haife shi a Garkiɗa ta ƙasar Adamawa a 1936, ya taso cikin aikin fim na gwamnatin Jihar Arewa, zamanin da fim ke nufin majigi. Dattawa suna iya tuna yadda abin yake: mota ta iso gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a filin ƙofar fada, bayan sallar isha'i a tayar da inji, yara a gaba bisa turɓaya, manya a baya, a nuna yadda ake tsabtace gida ko feshin auduga. Cikin irin waɗannan finafinan wayar da kai Halilu ya ƙware, kuma nasa ne Mama Learns a Lesson na 1963. A 1976 ya kai ga babban aikinsa, fim ɗin Shaihu Umar, mai launi, cikin harshen Hausa, tsawonsa ya haura awa biyu, Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shaihun. An nuna shi a bikin FESTAC na 1977 a Legas. An yi fim ɗin ne shekara 14 kafin ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake ƙirga farkon Kannywood daga kansa. Halilu ya nuna tun da wuri cewa Hausa tana iya ɗaukar dogon labari mai nauyi a allon sinima, da rigunanta da rawunanta da raƙumanta, ba tare da aron bakin kowa ba.

Sai kuma fim ɗin ya ɓace. Shekaru masu yawa ana jin sunansa a littattafai, ba a ganinsa. Faifan sinima ba ya jure zafi da danshi. Idan aka bar shi cikin gwangwani ba kulawa, sai ya fara tsami, ya lanƙwashe, launinsa ya koɗe. Halilu ya rasu a 2001 aikinsa yana kulle a ɗaki. A 2016 ne aka gano faya-fayan a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, bisa ƙoƙarin Didi Cheeka da abokan aikinsa na Legas. Cibiyar Arsenal da ke Berlin ta Jamus ta taimaka aka gyara su, aka juye su zuwa kwamfuta, aka nuna fim ɗin a bikin finafinai na Berlin a 2018.

Abin farin ciki ne da aka ceto shi, amma gyara bai cika ba sai ya komo wurin masu shi. Fim ɗin da aka yi da Hausa, kan tarihin ƙasar nan, ya cancanci a kafa masa allo a Nguru da Gashua da Jakusko, a gayyato ɗalibai da malamai da dattawa su kalla tare. Akwai kuma aikin da ya fi wannan gaggawa. Labarin Lawan Babuje da ganuwar Gogaram, da yadda Badawa suka ƙi miƙa 'ya'yansu, yana nan a bakin tsofaffi, kuma tsoho idan ya tafi da abin da ke kansa yake tafiya. Yankin yana da jami'ar tarayya a Gashua tun 2013, matasansa suna da wayoyi masu ɗaukar hoto da murya. Su zauna gaban kakanninsu, su naɗi abin da za su faɗa da Badanci da Hausa, su rubuta, su ɗauka a fim, sannan su adana shi a inda zafi da gara ba za su kai gare shi ba.