Sauya girman tayar mota: Abin da ya kamata direba ya sani

A garin Ringim na jihar Jigawa, kamar sauran garuruwan arewacin Najeriya, ba baƙon abu ba ne direba ya cire tayoyin da motarsa ta zo da su, ya maye gurbinsu da waɗanda suka fi su tsawo ko faɗi.

Wasu na yin haka ne domin motar ta ɗaga daga ƙasa saboda ramuka da yashi, wasu saboda lodin ranar kasuwa, wasu kuma bisa imanin cewa babbar taya ta fi kama titi.

Sai dai girma kaɗai ba ya sa taya ta riƙe titi, kuma sauyin da aka yi ba bisa lissafi ba na iya jefa direba da fasinjoji cikin haɗari.

Ma'anar lambobin jikin taya

Kowace taya na ɗauke da bayanin kanta a gefenta. Alal misali, a kan ga an rubuta 185/60 R14 82H.

Lamba ta farko, 185, faɗin tayar ne a ma'aunin milimita. Ta biyu, 60, na nufin tsawon gefen tayar kashi 60 cikin 100 ne na faɗinta, wato milimita 111.

Harafin R na nuna irin saƙar da ke cikin tayar, yayin da 14 ke nufin girman rim, wato ƙarfen da tayar ke zama a kai, a ma'aunin inci.

Lambar 82 na nuna nauyin da tayar za ta iya ɗauka, wato kilo 475. Da 86 ce, da kilo 530 ke nan, 91 kuwa kilo 615.

Harafin ƙarshe kuma iyakar gudu ne: T na nufin kilomita 190 cikin sa'a guda, H kuma 210.

Ƙa'idar sauya girma

Babbar ƙa'ida ita ce tsawon tayar gaba ɗaya, daga ƙasa zuwa sama, ya kasance daidai ko dab da na asali. Masu sana'ar taya kan ba da shawarar kada bambancin ya zarce kashi 3 cikin 100.

Motar Volkswagen Golf samfuri na uku, wadda ta yi fice wajen jigilar fasinjoji a jihohin Kano da Jigawa, misali ce mai kyau.

Kamfanin ya fitar da ita da tayoyi masu girma dabam-dabam, ciki har da 175/70 R13, da 185/60 R14, da kuma 195/50 R15.

Duk da bambancin rim da faɗi, tsawon ta farko milimita 575 ne, ta biyu 578, ta uku kuma 576. Ma'ana, duk lokacin da rim ya ƙaru, sai an rage tsawon gefen tayar.

Amma idan direba ya cire 185/60 R14 ya sanya 185/70 R14, tsawon zai koma kusan milimita 615, ƙarin sama da kashi 6 cikin 100 ke nan.

Motar za ta ɗaga da ƙasa da santimita biyu kacal, amma abubuwa da dama za su sauya.

Maleji zai riƙa nuna ƙasa da abin da ya saba nunawa: gudun da a da yake kilomita 80, yanzu ya kai kusan 85 ba tare da allurar ta motsa ba.

Haka kuma motar za ta yi nauyin tashi, birki zai ƙara shan wahala, sannan tayar na iya gogar jikin motar idan an yi lodi ko an karya sitiyari har ƙarshe.

Shin faɗi na ƙara kama titi?

A kan busasshiyar kwalta, taya mai faɗi da gajeren gefe ta fi tsayuwa a kwana, kuma ta fi amsa umarnin sitiyari da sauri.

To amma a kan hanya mai ramuka, gajeren gefe ba ya shanye duka. Rami ɗaya na iya kumbura gefen tayar ko lanƙwasa rim.

A lokacin damina kuwa lissafin kan juya. Aikin zanen taya shi ne korar ruwa daga ƙarƙashinta, kuma taya mai faɗi na da ruwa mai yawa da za ta kora.

Idan gudu ya fi ƙarfin zanen, tayar kan hau kan ruwan ta rabu da kwalta, a lokacin kuwa birki da sitiyari ba su da wani tasiri.

Wannan batu na da muhimmanci a yankin Ringim, wanda ke kusa da kogin Haɗeja, inda ruwa kan kwanta a kan hanyoyi a watannin Agusta da Satumba. Ƙaramar hukumar na cikin waɗanda ambaliyar shekarar 2022 ta yi wa ɓarna a jihar.

A cikin yashi kuma, abin da ya fi taimakawa shi ne rage iska kaɗan domin tafin tayar ya baje, amma wajibi ne a mayar da iskar kafin a hau kwalta.

Zafi da tsofaffin tayoyi

Babban abokin gabar taya a wannan yanki shi ne zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana kan haura digiri 40 a ma'aunin Selshiyos, kwalta kuwa ta fi haka zafi nesa ba kusa ba.

Tun bayan da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a shekarar 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, kasuwar Najeriya ta koma dogaro da tayoyin waje.

Duk da cewa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci na cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigo da su, ana ci gaba da sayar da su saboda araha. Amma Hausawa na cewa araha ba ta ado.

Daga cikin irin waɗannan tayoyi akwai na hunturun Turai, masu alamar dutse da ƙanƙara a gefe. An yi robarsu ne domin sanyin da bai kai digiri 7 ba, don haka a kan kwalta mai zafi sukan yi laushi, su cinye da wuri, su kuma tsawaita tazarar tsayawa.

Tayoyi da dama na ɗauke da ma'aunin inganci na ƙasar Amurka. Kalmar Traction na nuna ƙarfin birki a kan jiƙaƙƙen titi, daga AA zuwa A da B da C, ita kuma Temperature na nuna juriyar zafi, inda A ta fi kowacce.

Shekaru, zane da iska

Ana gane shekarun taya ne daga lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin haruffan DOT. Idan aka ga 2321, an ƙera ta ne a mako na 23 na shekarar 2021.

Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗin direbobi da su guji tayar da ta haura shekaru huɗu da ƙerawa.

Wasu manyan kamfanonin taya kuwa na cewa a riƙa duba ta duk shekara bayan ta kai shekaru biyar, kuma kada ta wuce goma ko da zanenta bai suɗe ba.

A ƙasashen Turai doka ta hana amfani da tayar da zurfin zanenta bai kai milimita 1.6 ba. Akwai ƴan tudu a cikin ramukan zanen, waɗanda da zarar sun yi daidai da saman tayar, to ta ƙare.

Batun iska ma ba ƙarami ba ne. Adadin da ya dace na rubuce ne a jikin ƙofar direba, ko murfin tankin mai, ko littafin motar. Wanda ke jikin taya iyaka ce kawai, ba shi ne mai faci zai bi ba.

Ana auna iska ne da safe kafin taya ta ɗauki zafi. Ƙarancin iska tare da lodi fiye da kima na sa gefen taya ya yi ta lanƙwasa har ya yi zafi ya fashe.

A watan Agustan 2000, kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan shida da rabi a Amurka, bayan haɗurran da akasarinsu suka auku a jihohi masu zafi.

Idan direba ba shi da halin sayen tayoyi huɗu, ana ba da shawarar ya sanya sababbin biyu a baya, domin zamewar bayan mota ta fi wuyar shawo kai. Kuma tilas ne tayoyin dama da hagu su zama iri ɗaya, masu girma ɗaya.