Makarantar Tsakar Gida a Aboabo

Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, fataken goro da malamai sun watsu zuwa garuruwa da dama, har da Kumasi. Guzurinsu bai tsaya ga allo da tawada ba. Kafin yaro ya isa zama gaban malam, tsakar gida ce makarantarsa: ƙirga tsakuwa a 'yar carafke, goyon 'yartsana, tatsuniya da kacici-kacici wurin kaka da dare.

A 2007 Gana ta shigar da shekara biyu na kindagatin cikin ilimin farko. Yau ɗan shekara huɗu a Aboabo waƙar Turanci da Tonanci yake kawowa gida, domin Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ke koyarwa. Ya iyaye, idan wasanninmu suka bar tsakar gida, a ina yaro zai tsinci harshen kakanninsa?