Kwabo Ɗaya Daga Ƙaramar Hukuma, Saura Daga Baitulmali: Tarihin Gidajen Talakawa a Birtaniya

A unguwar Sea Mills da ke gefen birnin Bristol akwai wata tsohuwar bishiya a tsakiyar dandali, wadda mutanen wurin ke kira bishiyar Addison. An dasa ta ranar 4 ga Yuni, 1919, ranar da Dakta Christopher Addison ya zo ya sari ƙasa don ƙaddamar da ginin unguwar, makonni kaɗan kafin ya zama ministan lafiya na farko a Birtaniya. Gidajen da aka gina kewaye da ita suna nan har yau, ƙananan benaye masu wadatar fili, kowanne da lambunsa. Ƙaramar hukumar Bristol ce ta gina su ta sa talakawa haya, amma aljihunta kaɗai bai isa ba. Sai da baitulmalin ƙasa ya sa hannu.

Tun daga wannan shekara kansilolin Birtaniya suke zarya zuwa Landan neman tallafin gina gidaje masu sauƙin haya. Wanda ya san tarihin zai iya zaga gari ya dubi faɗin ɗaki ko tsawon bene, ya faɗi wace doka ce ta biya kuɗin ginin. Yadda aka auna tallafin, haka gidan ya fito.

Kafin 1919 doka ta yarda ƙaramar hukuma ta yi gini, sai dai ba a ba ta ko anini. Liverpool ce ta fara, a 1869, da rukunin da ake kira St Martin's Cottages. Dokar 1890 ta ƙara buɗe ƙofa, hukumar birnin Landan kuma ta rushe wata ƙazamar unguwa mai suna Old Nichol, inda mutum sama da 5,000 ke kwana kamar kashin awaki, ta gina Boundary Estate, aka buɗe a 1900. Ɓaraguzan tsohuwar unguwar aka tara a tsakiya aka yi tudu, aka ɗora rumfar makaɗa a kai. Gini ya yi kyau ƙwarai. Amma da bashi aka yi shi, kuma daga kuɗin haya za a biya bashin, saboda haka hayar ta fi ƙarfin mutanen da aka tasa. 'Yan ƙalilan ne cikinsu suka samu shiga. Sauran sun koma unguwannin maƙwabta sun ƙara cunkoso.

Matan Glasgow ne suka canza lissafin. A 1915, mazaje na fagen yaƙin duniya na ɗaya, ma'aikata na kwarara cikin gari don aikin ƙera jiragen ruwa da makamai, sai masu gidajen haya suka ga kasuwa ta buɗe suka ƙara kuɗi. Matan unguwar Govan, ƙarƙashin jagorancin Mary Barbour, suka ce tsohon kuɗi za su biya, ba ƙari. Kowane gini aka sa mace ɗaya gadi a bakin ƙofa da ƙararrawa. Da ta hango ma'aikacin kotu ya zo fitar da wani, sai ta kaɗa, mata su fito daga kowane lungu su yi masa wanka da garin fulawa. Zuwa Nuwamba 'yan haya wajen 20,000 sun daina biya. Ranar 17 ga watan aka kai mutum 18 kotu, dubban ma'aikata suka ajiye aiki suka cika titi. Kafin shekara ta ƙare majalisa ta yi dokar da ta daskarar da haya a kan farashin Agustan 1914.

Da haya ta daskare, 'yan kasuwa suka janye daga gina wa talaka gida, tunda babu riba. Ga sojoji miliyoyi na dawowa, ga labarin juyin juya halin Rasha na 1917 yana hana manya barci. Firayim Minista Lloyd George ya yi alkawarin ƙasar da ta dace da jarumai. Cika alkawarin ya faɗo kan Addison, likita ne da ya wakilci wata unguwar talakawa ta gabashin Landan a majalisa.

Dokarsa ta 1919 ta tilasta wa kowace ƙaramar hukuma ta ƙirga gidajen da garinta ke buƙata cikin wata 3, ta kawo tsarin gini. Rabon kuɗin kuwa, dattawan da suka yi ciniki da fam da sule da kwabo za su fi saurin gane shi. Ƙaramar hukuma za ta ɗora kwabo 1 a kan kowane fam na ƙimar hayar gidaje da shagunan garinta, kuma kwabo 240 ne a fam. Abin da wannan kwabon ya tara, shi ne iyakar asararta. Duk giɓin da ya rage tsakanin kuɗin haya da biyan bashi, baitulmali zai cike, komai yawansa. Sharaɗin shi ne a bi ma'aunin kwamitin Tudor Walters na 1918: gida 12 kacal a eka ɗaya a cikin gari, tazarar ƙafa 70 tsakanin gidajen da ke fuskantar juna don rana ta shiga, ɗakin kwana 3, da wurin wanka a cikin gida. Iyalin da suka saba layin famfo da bayan gida ɗaya na tsakar gida sai ga su da baho nasu na kansu.

Kansiloli ba su taɓa samun garaɓasa irin wannan ba, kuma ba su sake samu ba. Sai dai uwar kuɗin ginin su za su nemo, har wasu garuruwa suka riƙa tallan takardun lamuni masu ruwa kashi 6 cikin 100 ga mazauna gari. Bulo ya yi ƙaranci, magina sun yi ƙaranci, 'yan kwangila kuma sun san wanda zai biya ba ya taya farashi. Gidan da ake ginawa kan fam 250 kafin yaƙi ya doshi fam 1,000 a 1920. Baitulmali ya ga wannan rami ba shi da ƙasa. A Yulin 1921 aka taka wa shirin burki, Addison ya yi murabus cikin fushi. An yi niyyar gida 500,000, an samu wajen 213,000.

Daga nan gwamnati ta daina cewa "saura nawa ne". Kowane tallafi ya zama ƙayyadadde, iya kuɗinka iya shagalinka. Ministan lafiya Neville Chamberlain a 1923 ya ba da fam 6 a shekara kan kowane gida har shekara 20, ya kuma fifita 'yan kasuwa. Shekara guda bayan haka sabon ministan lafiya John Wheatley, wanda ya tashi a ɗaki ɗaya da iyayensa da 'yan uwansa kuma ya shiga ramin kwal tun yana yaro, ya mai da shi fam 9 har shekara 40, ƙaramar hukuma ta ƙara fam 4 da sule 10. Dokar Wheatley ta haifar da gida wajen 500,000 kafin a soke ta a 1933. Da yake tallafin ba ya ƙaruwa idan gida ya yi girma, gidajen sun ɗan tsuke, falon baƙi ya ɓace daga da yawansu.

Ana ganin wannan a Becontree, gabas da Landan, inda hukumar birnin ta gina gida wajen 26,000 tsakanin 1921 da 1935, mutum sama da 100,000 suka tare. Layukan farko na zamanin Addison ne, na baya sun fi su ƙanƙanta. Mai haya yana da ƙa'idoji: ya wanke tagogi a kai a kai, ya gyara lambu, mai karɓar haya kuma yana zuwa kowane mako yana baza ido. Gidajen sun riga ayyukan yi isa wurin, har sai da kamfanin Ford ya buɗe masana'antarsa a Dagenham a 1931.

Dokar ministan lafiya Arthur Greenwood ta 1930 ta sauya ma'auni, aka koma biya bisa kowane mutum da aka fitar daga ruɓaɓɓen gida. Nan take hankalin kansiloli ya koma kan rusau. Leeds ta gina Quarry Hill, katafaren rukuni mai gida 938, da ƙwazon wani limamin coci kuma kansila, Charles Jenkinson. Bayan yaƙin duniya na biyu ministan lafiya Aneurin Bevan ya ɗaga tallafin zuwa fam 16 da sule 10 har shekara 60, ya dage a yi gidaje masu faɗi. Ministan gidaje Harold Macmillan ya fi son adadi, ya rage girman ɗakuna, ya kai ƙasar ga gida 300,000 a 1953.

Babu inda ma'aunin tallafi ya nuna ƙarfinsa kamar dokar 1956. A ƙarƙashinta gida na ƙasa yana samun fam 22 da sule 1 a shekara. Idan kuwa gidan yana cikin bene mai hawa 4, fam 32 ne. Hawa 5, fam 38. Hawa 6, fam 50, sannan kowane hawa da aka ƙara yana kawo fam 1 da sule 15 kan kowane gida. Wato gida a bene mai hawa 15 ya kusan ninka na ƙasa sau 3. Hujjar gwamnati ita ce dogon bene ya fi tsada, yana buƙatar ƙarfe da na'urar hawa, kuma filin noma da ke kewaye da birane bai kamata gini ya cinye shi ba. Su ma manyan garuruwa ba sa son jama'arsu su fita iyaka, domin mutum idan ya tafi, da harajinsa da ƙuri'arsa yake tafiya. Ma'ajin ƙaramar hukuma ba ya buƙatar dogon nazari. Manyan kamfanonin gini kuma suna bakin ƙofa da zanensu a hannu, suna cewa a masana'anta za su zuba bangaye, a kawo a harhaɗa cikin 'yan watanni. Glasgow, Birmingham, Liverpool da unguwannin Landan suka shiga tseren zuwa sama. Ba a cika tambayar uwa mai goyo da za ta zauna a hawa na 17 ba, ranar da na'urar hawa ta lalace.

Ranar 16 ga Mayu, 1968, wajen ƙarfe 6 saura kwata na safe, wata mata a hawa na 18 na Ronan Point, bene mai hawa 22 a ƙaramar hukumar Newham, ta ƙyasta ashana za ta dafa shayi. Iskar gas ta riga ta cika ɗakin. Fashewar ba ta kashe ta ba, amma ta ture bangon waje, kuma a irin wannan gini bangon ne ke ɗauke da na samansa. Kusurwa guda ta benen ta zube daga sama har ƙasa. Mutum 4 suka mutu nan take, 17 suka ji rauni. Abin da ya rage asarar shi ne ɓangaren da ya faɗi falo ne, mutane kuma na kan gado. Wata 2 ke nan da fara tarewa a ginin. Da aka zo rushe shi a 1986, an kwance shi hawa-hawa don a duba, sai aka tarar da mahaɗar bangaye da ya kamata a cika da siminti an cusa musu tsofaffin jaridu da shara. Abin takaici, tun 1967 an riga an soke ƙarin tallafin da ake bayarwa sama da hawa 6. Benen ya faɗi ne bayan dokar da ta haife shi ta mutu.

Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, mai karɓar tallafin gwamnati ma sai ya bi umarninta, kuma kansilolin Clay Cross, wani ƙaramin garin masu haƙar kwal a Derbyshire, sun gwada ƙin askin. Dokar 1972 ta ce a ƙara fam 1 a mako kan haya, su 11 suka ce ba za su ƙara ba. Aka ɗora musu biyan asarar daga aljihunsu, aka hana su riƙe muƙami, daga baya kotu ta ayyana su a matsayin waɗanda suka karye.

Zuwa ƙarshen shekarun 1970 kusan kashi ɗaya cikin uku na iyalan Birtaniya a gidan ƙaramar hukuma suke. Sai gwamnatin Margaret Thatcher ta kawo dokar 1980, wadda ta ba ɗan haya ikon sayen gidan da yake ciki da rangwamen kashi 33 zuwa 50 cikin 100. Iyalai da yawa sun mallaki muhalli karon farko a tarihin zuriyarsu, wannan ba abin rainawa ba ne. Laifin yana wajen kuɗin cinikin: an hana kansiloli mai da mafi yawansa gini, dokar 1989 ma ta ce kashi 75 cikin 100 ya tafi biyan bashi. Gida kusan miliyan 2 aka sayar a Ingila. Ƙananan hukumomin da a 1953 suka gina sama da gida 200,000, a 2004 ba su kai 200 ba. Scotland ta soke wannan ciniki a 2016, Wales ta bi a 2019.

Yanzu tallafin ya zama gasa. Gwamnati na ware dunƙulen kuɗi, kamar fam biliyan 11.5 na shirin 2021 zuwa 2026, ƙaramar hukuma ta rubuta takardar nema ta shiga layi da ƙungiyoyin gidaje a gaban hukumar Homes England, ko ofishin magajin garin Landan. Garin da ya tanadi fili da ma'aikatan da suka iya cika fom shi ke gaba, ko da wani ya fi shi buƙata. A Oktoban 2018 Firayim Minista Theresa May ta cire iyakar bashin da aka ƙaƙaba wa kansiloli kan gina gidaje, wasu suka sake ɗaukar cebur.

Birnin Norwich bai ma jira ba. Ya haɗa bashi da ajiyarsa da ɗan abin da ya rage masa na cinikin tsofaffin gidaje, ya gina Goldsmith Street: gidaje na jan hankali masu ƙofa a bakin titi, tazarar mita 14 tsakanin layi da layi, ƙasa da ƙafa 70 na zamanin Addison, amma an karkata rufin yadda ranar hunturu za ta shiga kowane ɗaki. A 2019, shekara 100 cif da dasa bishiyar Sea Mills, rukunin ya ci kyautar Stirling, babbar lambar zanen gine-gine ta ƙasar, karon farko da gidajen ƙaramar hukuma suka ci ta. Gida wajen 100 ne. A 2024 iyalai kusan miliyan 1.3 ne sunansu ke cikin rajistar masu jiran gida a Ingila.